Babi na Tara: Gona a Cikin Kwalba

A ƙauyukan da ke jere tsakanin Dijon da Beaune, a yankin Burgundi na gabashin Faransa, baƙon da ya zo ɗanɗana giyar inabi ba falo ake kai shi ba. Ƙarƙashin gida ake sauka da shi, ta matattakalar dutse da ƙafa ta cinye, zuwa wani dogon ɗaki mai sanyi inda gangunan katako suke kwance sahu-sahu. Mai gida yakan shigo da takalmin gona a ƙafarsa da dogon bututun gilashi a hannu. Sai ya cire toshiyar ganga, ya zura bututun, ya danne bakinsa na sama da babban yatsa, ya ɗebo, ya zuba wa kowa ɗan kaɗan a kofi. A duba, a shinshina, a kurɓa, a juya a baki, sannan a tofar a bokiti ko a kan tsakuwar da aka shimfiɗa a ƙasa. Ba a haɗiyewa, domin wanda zai bi ganga goma sha biyar ko ashirin yana bukatar hankalinsa. A gidaje da yawa, abin da ya rage a kofi mai gida yakan karɓa ya mayar cikin gangar. Ba rowa ba ce. Ganga ɗaya lita 228 take ci, kwalba 300 ke nan ko kusa da haka, kuma akwai gonar da duk abin da mutum yake samu daga cikinta a shekara bai wuce ganga biyu ko uku ba.

Duk gangar da ya buɗe, abin da zai fara faɗa shi ne sunan gona. Ba ya ambaton irin inabin, don kowa ya sani: jar giyar wannan yanki kusan duka daga iri ɗaya ake yin ta, Pinot Noir. Zai ce wannan daga gonar da ke ƙasan titi take, wannan daga tsakiyar gangare, waccan daga can sama kusa da daji. Iri ɗaya, hannu ɗaya, shekara ɗaya, ɗaki ɗaya, amma yana sa ran baƙonsa ya ji cewa ba abu ɗaya yake sa wa a baki ba. A kan wannan da'awa duk Burgundi ta tsaya, da darajarta da farashinta.

Mafi yawan masu riƙe da wannan littafi ba su taɓa kai giya baki ba, kuma ba za su kai ba, domin addini ya haramta. Babin nan ba kira ba ne zuwa ga sha. Likitoci ma sun daina yi mata kara, don a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya taɓa lafiya. Abin da ya tsayar da ni a wannan gangare shi ne manomansa. Da wuya a sami wani wuri a duniya inda aka san ƙaramar gona taku-taku kamar nan, aka raɗa mata suna, aka rubuta halinta shekaru ɗaruruwa, har mai hekta biyar ya iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da kamfanin da ke sayar da miliyoyin kwalabe.

Gangaren da ake magana, Côte d'Or, bai wuce kilomita 60 ba a tsawo, kuma a wurare da yawa faɗinsa bai kai kilomita biyu ba. Yana fuskantar gabas, rana tana same shi da sassafe. Sufayen Kirista ne suka fara bin sa da natsuwa, musamman na Cîteaux, gidan ibadar da aka kafa a 1098. Suna da abin da manomi ɗaya ba shi da shi: lokaci, da rubutu, da gona wadda ba a raba ta gado. Suka lura inda inabi yake riga nuna, inda ruwa yake kwanciya, inda sanyi yake sauka, suka kewaye wasu gonakin da katangar dutse. Mafi shahara ita ce Clos de Vougeot, mai kusan hekta 50. Masu mulki ma sun sa hannu. A 1395 sarkin yankin, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tumɓuke inabin Gamay, wanda ke ba da yabanya mai yawa, domin a bar wa Pinot Noir fili.

Juyin juya halin 1789 ya ƙwace gonakin coci da na sarakuna ya sayar. Sannan dokar Napoliyon ta 1804 ta wajabta a raba gado tsakanin 'ya'ya duka, ba babban ɗa kaɗai ya kwashe ba. Aka yi ta rabawa, aure yana haɗa wani yanki, mutuwa tana tsaga wani. Yau Clos de Vougeot ɗin nan, da katangarta guda, tana hannun mutane kusan 80, wani layuka kaɗan kawai yake da su. Shi ya sa sunan gona kaɗai ba ya isar mai saye. Kwalba biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya da shekara ɗaya, ɗaya ta fito daga hannun mai kula, ɗaya daga hannun malalaci.

A tsakanin nan annoba ta ratsa. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860, ya iso Burgundi a ƙarshen shekarun 1870. Maganin da ya tsaya shi ne aure: a ɗora reshen inabin Faransa a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Kusan kowace kurangar inabi da ke gangaren yau mai aure ce.

Har zuwa farkon ƙarni na 20, manomi ba ya sa giyarsa a kwalba. Ganga yake sayar wa manyan 'yan kasuwar Beaune da Nuits-Saint-Georges, su gauraya ta wannan da ta wancan, su liƙa sunansu. Wasunsu sukan ƙara giya mai duhu da ƙarfi daga kudancin Faransa ko Aljeriya, su sayar da sunan ƙauyen da ya fi tsada. Manoma kaɗan suka ƙi yin shiru, cikinsu har da Marquis d'Angerville na Volnay da Henri Gouges na Nuits-Saint-Georges. 'Yan kasuwa suka juya musu baya, suka daina sayen gangunansu. Dole ta sa suka fara ɗura tasu a kwalba a gida, suna sayarwa kai tsaye, kamar yadda Armand Rousseau na Gevrey-Chambertin shi ma ya yi a shekarun 1930. Daga wannan rigima aka sami dokar kare sunan wuri ta 1935, aka fara tabbatar da sunaye a 1936. Tsarin bene huɗu ne: giyar yanki baki ɗaya, giyar ƙauye, sai gonakin da ake kira premier cru, sai grand cru a ƙoli, guda 33 kacal, waɗanda abin da suke bayarwa bai kai kashi biyu cikin ɗari na giyar Burgundi ba. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin gangaren guda 1,247, kowace da sunanta da iyakarta, cikin kayan tarihin duniya.

To, me mai ɗanɗano yake nema in an miƙa masa kofi?

Da ido yake farawa. Ruwan inabin kansa fari ne, ja daga ɓawo yake fitowa, lokacin da aka bar ruwa da ɓawo tare a babban mazubi na mako biyu ko uku, yisti yana mayar da sukari barasa. Pinot Noir ɓawonsa siriri ne, don haka giyarsa ba ta da duhu. In ka karkata kofin a kan farar takarda za ka iya hango rubutu ta cikinta. Sabon shiga yakan ɗauka mai duhu ita ce mai kyau, kuma wannan kuskure ne ya ba 'yan gauraye kasuwa shekara da shekaru. Sabuwar giya ja ce mai haske da ɗan shuɗi-shuɗi a gefe. In ta manyanta gefen yakan koma launin jan bulo.

Sai hanci, wanda shi ne rabin aikin ko fiye. Kofin Burgundi mai faɗin ciki ne da tsukakken baki, kuma ba a cika shi, sulusi ya isa. Ana fara shinshinawa kofin yana tsaye, domin ƙanshin da ya fi laushi shi ne yake fara tashi, kuma kaɗawa tana binne shi. Daga nan a jujjuya, iska ta shiga, a sake kai hanci. A ƙuruciyarta giyar takan ba da ƙanshin jajayen 'ya'yan itatuwan ƙasar sanyi, irin su ceri, wani lokaci da na fure. Bayan shekara goma ko sha biyar a kwalba sai wannan ya ja baya, wani ya fito: naman kaza, fatar da aka jeme, ganyen da ya zube ya jiƙe a ƙasan daji. Hanci ne kuma yake kama aibi. In giya tana warin kwalin da ya sha ruwa, toshiyar ɓawon itacen da aka rufe kwalbar da ita ce ta lalace, kuma babu abin da zai gyara ta. Wannan ba laifin gona ba ne, amma manomin ne yake ɗaukar kunyar.

A baki, mai ɗanɗano yakan kurɓi kaɗan, ya tsuke leɓe, ya ja iska ta cikin ruwan har a ji ƙara. Wanda bai saba ba zai ga kamar rashin ladabi ne. Dalilinsa shi ne harshe abubuwa kaɗan yake ganewa, zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da makamantansu. Sauran abin da muke kira ɗanɗano ƙanshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin abinci. Abu uku ake aunawa. Na farko tsami, wanda ke sa yawu ya tsinke kuma yake riƙe giya da rai. Na biyu zafin barasa, wanda bai kamata ya fito fili ba. Na uku bauri, kuma duk wanda ya taɓa tauna goro ya san shi: wannan ɗaurewar da baki yake yi, harshe ya bushe, dasashi ya kama. A giya daga ɓawo da ƙwayar inabi yake zuwa, kaɗan kuma daga katakon ganga. Tambayar ba yawansa ba ce kawai, yanayinsa ne: mai kaushi ne da ke karce baki, ko mai laushi da ke shimfiɗuwa? Inabin da aka tsinka bai gama nuna ba baurinsa ɗanye ne, kuma shekaru ba sa cika gyara shi. Bayan an tofar sai a yi shiru a ga tsawon lokacin da ɗanɗanon zai zauna. Giyar yau da kullum takan ɓace cikin daƙiƙa kaɗan. Ta babbar gona takan daɗe, tana sauyawa, bayan bakin ya zama wayam. A ganina wannan zaman shi ne ma'aunin da ya fi wuyar yi wa ƙarya.

Da haka ake jin bambancin ƙauyuka. Volnay da Pommard maƙwabta ne, iyakarsu ɗaya, amma an san Volnay da laushi da ƙanshi, Pommard kuma, mai yawan laka a ƙasarta, da ƙarfi da bauri. Irin wannan bambanci ake ji tsakanin Chambolle-Musigny da Gevrey-Chambertin. A nan ya kamata a yi hattara da zancen 'yan talla, masu cewa ana jin ɗanɗanon dutse a kofi. Saiwa ba ta tsotso dutse ta kai baki. Abin da ƙasa take yi shi ne ta tsara ruwa da zafi. A ƙasan gangare ƙasa tana da zurfi da danshi, kuranga ta ƙoshi, ta yi 'ya'ya masu ruwa-ruwa. A can sama ƙasa siririya ce, ga sanyi, nuna yana wahala. A tsakiya, inda farar ƙasa da laka suka gauraya kuma ruwa yake tsanewa da sauri, kurangar tana samun abin da zai ishe ta ba tare da ta sangarce ba, kuma a nan mafi yawan grand cru suke. Wannan bayani ya isa, ba sai an ƙara masa tatsuniya ba.

Hannu ma yana da nasa rabo, kuma babu wanda ya nuna haka kamar Henri Jayer na Vosne-Romanée, wanda aka haifa a 1922 ya rasu a 2006. Shekaru da dama yana noma gonakin wani gida ana raba amfani. A farkon shekarun 1950 ya fara sayen wani fili da ake kira Cros Parantoux, ɗan sama da hekta ɗaya gaba ɗayansa, a saman gangare, mai sanyi da duwatsu, wanda aka shuka wa rogon Turawa lokacin yaƙi don babu mai ganin ya cancanci inabi. Da nakiya ya riƙa fasa dutse don ya sami ramin dashe. Bai fitar da giyar da sunan gonar ba sai a 1978, da ya ga kurangar ta manyanta. Ra'ayinsa a bayyane yake: a rage yabanya, a zubar da duk inabin da ya ruɓe, a cire karan nonon inabi gaba ɗaya kafin a tsima, kada a tace giya har a kashe ta. Maƙwabtansa na Domaine de la Romanée-Conti kuwa sukan tsima da karan, kuma su ma giyarsu tana cikin waɗanda duniya ta fi nema. Gonakin suna kallon juna, hanyoyin sun saɓa. Mai ɗanɗano na ƙwarai yana ƙoƙarin ya raba abu uku a kofi guda: abin da gona ta bayar, abin da shekara ta kawo, da abin da mutum ya zaɓa.

Sai dai harshe shaida ne da ake iya ruɗa. A 2001 masu bincike a Bordeaux, cikinsu har da Frédéric Brochet, sun rina farar giya da jan launi marar ƙanshi suka ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya. Ɗaliban suka bayyana ƙanshinta da kalmomin da ake bayyana jar giya. Ido ya riga hanci yanke hukunci. Takardar jikin kwalba da farashi ma haka suke yi wa mutum. A 2008 aka kawo wasu kwalabe gwanjo a New York da sunan gidan Ponsot, na gonar Clos Saint-Denis, masu ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971. Laurent Ponsot ya taso daga Faransa ya sa aka janye su, domin gidansu bai fara yin giyar wannan gona ba sai a 1982. Wanda ya kawo su, Rudy Kurniawan, an same shi da laifi a 2013, aka yanke masa shekara 10 a 2014. Kafin nan attajirai da masana sun sha abin da ya haɗa a gidansa suna yabawa. Wanda ya tabbatar da ƙaryar ba gwanin baki ba ne, manomi ne da ya san tarihin gonarsa. Saboda irin wannan ne masu gaskiya a sana'ar suke gwada kansu da kwalbar da aka rufe wa fuska, kuma ba sa jin kunyar cewa sun kasa ganewa.

Su manoman ba a ɗakin gwaji suke jin daɗin abinsu ba. A kan tebur ne, da abinci: naman sa da aka daɗe ana dafawa a cikin jar giya, ko zakara, ko cukun Époisses mai ƙarfin wari. Suna son ta da ɗan sanyi, digiri 15 ko 16, don zafi yana fito da barasa ya danne ƙanshi. Ba sa gaggawa, domin kwalbar da ta yi shiru lokacin da aka buɗe ta takan saki jiki bayan awa ɗaya. Kuma ba sa buɗe babbar kwalba don mutum ɗaya. A Meursault, a watan Nuwamba, ana yin walimar gama girbi wadda kowane manomi yake zuwa da kwalabensa, suna zagayawa daga tebur zuwa tebur.

Abin da ke cikin kofin nan da wahala aka same shi. Ana dasa kuranga kusan 10,000 a hekta ɗaya, kowace da hannu ake datse ta a tsakiyar hunturu, mutum yana duƙe. Ƙanƙara ta ɓarnata Volnay da Pommard shekara uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2021 ɗumi ya zo da wuri a ƙarshen Maris, kuranga ta yi toho, sai sanyi mai daskarar da raɓa ya sauko a makon farko na Afrilu. Manoma suka kwana a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka, amma wasu duk da haka sun rasa fiye da rabin amfaninsu. Babban kamfani zai sayo inabi a wani wuri ya cike giɓi. Mai hekta shida a ƙauye ɗaya ba shi da wannan mafita. Beaune tana da tarihin ranakun girbi tun daga 1354, kuma binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa tun daga 1988 girbi yana riga lokacinsa na da da kusan kwana 13.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne nasarar kanta ta zama barazana. A 2018 aka sayar da kwalba ɗaya ta Romanée-Conti ta 1945 a gwanjon New York a kan dala 558,000. Gonar ba ta kai hekta biyu ba. Irin wannan farashi yana jan kuɗin ƙasa sama, harajin gado kuma da kuɗin ƙasa ake lissafa shi, ba da abin da gona take kawowa a shekara ba. Uba ya rasu ya bar 'ya'ya uku, ɗaya yana son noma, biyu suna birni suna son rabonsu, hukuma tana jiran nata. Sau da yawa sayarwa ce kaɗai hanya, kuma masu iya saye ba maƙwabta ba ne. Kamfanin LVMH ya sayi Clos des Lambrays a 2014. A 2017 Clos de Tart, gonar hekta bakwai da rabi da mata masu zuhudu suka fara mallaka a 1141, ta koma hannun iyalan attajiri François Pinault. Ba na cewa sababbin masu gonar za su lalata giyar, suna da kuɗin ɗaukar ƙwararru. Amma mutumin da zai sauka da kai ƙarƙashin gidansa ya gaya maka wane layi ne kakansa ya dasa, shi ne yake raguwa.

Matasan da ke shiga sana'ar yanzu ba sa iya taɓa tsakiyar gangare. Wasu suna hayar gona, wasu suna noman raba amfani kamar yadda Jayer ya fara, wasu suna sayen inabi kaɗan daga maƙwabta su tsima a garejin haya. Da yawa sun nufi ƙauyukan da a da ba a kula su, Marsannay a arewa, Santenay da Maranges a kudu, Mercurey da Givry gaba kaɗan, ko tuddan Hautes-Côtes, inda a da sanyi yake hana inabi nuna sosai, yanzu kuwa ɗumin yanayi ya sa yana kaiwa. Wasu sun gangara Beaujolais, zuwa Morgon da Fleurie, suna aiki da Gamay ɗin nan da aka kora a 1395. Can masu neman giyar ƙaramin manomi suke bin su yau, suna rubuta wasiƙa tun kafin girbi don a ajiye musu kwalba shida.